Riƙon Talatu

A kan babur aka ɗauko Talatu daga Basirka zuwa Unguwar Ya da ke Birnin Kudu, an sa ta a tsakiya don kada ta zame. Kayanta duka leda ɗaya ne: zani biyu, kwano, da takalmi wari guda. Ummussalma ce ta sauke ta da hannunta, ta ji kamar damin kara ta ɗaga saboda rashin nauyi.

Gida uku Talatu ta zaga kafin nan, duk na dangi. A na farko an ce ta cika ɓarna, a na biyu an ce tana jiƙa tabarma. A na ukun kuwa kulle ta ake yi a ɗakin hatsi idan za a tafi gona. Da labarin ya iso Birnin Kudu, Ummussalma ta sauke kaskon ƙuli-ƙulinta ta ce a kawo mata ita.

Mijinta, Malam Maikano, bai hana ba, amma sau biyu ya tambaye ta ko ta tabbata. Ya san matarsa a hannun riƙo ta tashi, ya kuma san har yau ba ta iya cin abinci idan mutum na tsaye a kanta. Ta ce masa ai saboda hakan ne.

Makon farko Talatu ba ta yi magana ba. Ko ƙuda aka ɗaga hannu za a kora sai ta kare fuskarta. Tuwo kuwa rabi take ci, rabi ta ƙulle a bakin zani, har ɗakin ya fara tsami. Ummussalma ba ta yi faɗa ba. Ta samo ƙaramar samira mai murfi ta ajiye mata a gefen shimfiɗa, ta ce wannan tata ce, duk abin da ta zuba ciki ba mai taɓawa. Bayan kwana goma samirar ta daina cika.

Maƙwabciyarsu Sylvia, mai aikin jinya, ta wanke mata gyambon ƙafa. Ta ce abin da ya fi magani shi ne kada a tsorata ta, kuma a riƙa kiran ta da sunanta, tunda shi kaɗai take amsawa.

Daga nan gida ya canza. Talatu ta gano kajin gidan ta raɗa wa kowace suna, zakaran ta sa masa Alhaji. Ta kuma gano inda ake shanya ƙuli-ƙuli. Da yake ba ta da haƙoran gaba, sai ta jiƙa shi a baki tana lumshe ido, idan aka tambaye ta ta ce Alhaji ne ya ci. Malam Maikano da kansa ya fara sayo mata alewa ranar kasuwa, yana cewa ta kai wa Alhaji. Wanka ne kawai yaƙi. Sai an yi waƙa, an yi lallashi, wani lokaci Ummussalma ta fi ta jiƙewa.

Wata Laraba da hantsi, yara sun tafi makaranta, Malam yana gona, Ummussalma ta gama matsar man gyada na aikin yini biyu, bokiti cike. Ta juya za ta gyara wuta. Talatu ta ce za ta taya ta, ta ɗaga bokitin, ya kife. Man ya malale tsakar gida, ƙasa na shanye shi.

Ummussalma ta juyo da muciya a hannu.

Talatu ta riga ta durƙusa, ta rufe kai da hannuwa, ta miƙa baya tana jira. Ummussalma ta san wannan durƙuson, ita ma ta iya shi. Ta ji hannunta ya ɗaga muciyar sama da kansa. Babu kowa a gidan. Babu wanda zai sani, Talatun ma kafin la'asar ta manta.

Sai ga Alhaji ya taho da taƙama zai duba abin da ya zube. Ya taka man, ƙafafunsa suka rabu, ya zauna daɓas, ya miƙe, ya sake zama. Dariya ta kuɓuce wa Ummussalma, dariya haɗe da hawaye, har muciyar ta faɗi. Talatu ta leƙo ta tsakanin yatsu, ta ga babu duka, ita ma ta kama.

Da za ta wanke mata man da ya ɓata jikinta, Ummussalma ta naɗe hannun rigarta, abin da ba ta cika yi ba. Talatu ta tsura wa tabon ƙuna ido, daga wuyan hannu har gwiwa. Ta sa yatsa ta shafa a hankali.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Wata mata ce, tun ina ƙarama."

"Muguwa ce," in ji Talatu. "Allah ya isa."

"Kar ki ce haka. Na yafe mata."

"Yaushe?"

Ummussalma ta share idonta da bayan hannu.

"Ɗazun nan," ta ce.

Ta zaunar da ita a kan turmi, ta kwance mata ɗankwali, ta fara taje furfurar Gwaggo Talatu, matar da ta riƙe ta shekara goma sha ɗaya, wadda hannun nan nata mai shafa tabon shi ne ya ɗora mata wutar.