Ƙanƙarar Mako Uku

Shekara goma sha huɗu Malam Aƙilu yana koyar da labarin ƙasa a wata makarantar kuɗi da ke Nassarawa GRA, ba a taɓa yaba masa a taron iyaye ba. Malama Nabiha kuwa zango biyu kacal ta yi, amma har direbobin da ke ɗaukar yara sun san sunanta. Abin yana ci masa rai ƙwarai.

Sai ga gasar kimiyya ta makarantu, wadda duk ɗalibin da ya ci za a ɗauki nauyin karatunsa na jami'a. Aka tsallake Aƙilu, aka ba Nabiha shirin.

Ta zaɓi nuna yadda ƙanƙarar can ƙuryar arewa da kudancin duniya take samuwa. Kullum ɗalibanta su zuba ruwa kaɗan a bokiti, yau fari gobe mai zoɓo, su mayar firiza ya daskare hawa kan hawa, kamar yadda dusar ƙanƙara ke danne ta bara har ta zama dutse. Ranar gasa za a ɗora ta kan bulo cikin baho, a ga yadda narkewarta ke ƙara wa teku ruwa. Mako uku ana wannan aiki.

Aƙilu ya ce ai zoɓon sayarwa suke haɗawa. A gida ma, da 'yarsa Afrah, wadda ke ajin ƙarshe a makarantar, ta fara zancen bokitin, ya daka mata tsawa, ya ce kada ya ƙara jin sunan matar nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya karɓi makullin ɗakin da firizar take wajen Zakari mai gadi, wai ya manta littafi. Ya zare wayar firizar ya fito. A ransa ya ce ran Litinin kowa zai ce wuta aka ɗauke.

Litinin da safe, ranar gasa, aka buɗe firiza aka tarar da bokitin jan ruwa. Aƙilu ya shigo yana shirin jajantawa, sai ya ga Afrah durƙushe gaban bokitin tana kuka.

"Ita ce za ta wakilce mu," in ji Nabiha. "Ta roƙe ni in ɓoye maka, wai sai ta ciyo ta kawo maka."

Aƙilu ya ce ƙila wuta aka ɗauke. Zakari ya girgiza kai, ya ce firizar nan tun bara a kan wutar sola take, kuma mutum ɗaya ne ya karɓi makulli.

Afrah ta ɗago ta dube shi. "Baba, kai ne?"

A ranar aka sallame shi daga aiki, gasa kuma aka yi ba da Afrah ba. Har yau tana gaishe shi da safe, amma ba ta ƙara ba shi labarin komai ba.

Jama'a, mu guji hassada. Mai hassada yana auna wani ne, amma sau da yawa nasa yake fara samu.