Saiwar Albasa

"Albasa ai ba mutum ba ce," in ji wakilin masana'antar, yana ture kofunan gwajin albasar da na jera a zauren Baba.

Tun farkon rani nake tsoma albasa a ruwan asid ɗin da suke sako mana cikin fadama. Wadda na sa a ruwan rijiya ta yi saiwa fara sol. Tasu kuwa ta murɗe, ta yi baƙi. Da na duba ta a ɗakin gwajin jami'armu, ƙwayoyin gadonta duk sun kakkarye, irin lahanin da kan iya bin jini har jikoki. Shi ne na rubuta rahoto a kai.

"Ruwanmu lafiya lau yake. Ki janye rahoton nan, 'yata."

"Wallahi ba zan janye ba, Alhaji."

Baba ya miƙe. Ya raka shi bakin mota, ya sa aka kinkimo buhun albasa, don baƙo ba ya barin gidanmu hannu Rabbana.

"Ta fadamar ce, Alhaji. A yi wa yara miya," in ji Baba.

Alhaji ya danne murfin but ɗin motar da hannu biyu. Muna tsaye, ni da Baba, muna jira ya buɗe.