Sawun da ya shiga bai fito ba

Hannun Kaka ne ya fara gaya mini ba lafiya. Mun dawo daga suna a Zogbeli bayan azahar, muna dab da ƙofar gidanmu a Sabonjida, sai ta damƙe mini wuyan hannu har na ji zafi.

Kaka tana da wata al'ada. In za a bar gida ba kowa, sai ta share ƙasar bakin ƙofa tana ja da baya, don ta gane in wani ya taka. Ranar nan akwai sawu a kan sharar, babba, ba takalmi. Ya shiga, bai fito ba. Ƙofar a rufe take, amma kwaɗon ba ya nan. Ko kajinmu ba a jin motsinsu.

"Af!" in ji Kaka da ƙarfi. "Na bar gorona a gidan suna. Mu koma, 'yar nan." Sannan ta yi ƙasa da murya: "Kar ki waiga. Kar ki gudu."

Ban waiga ba, amma na ji ƙofar ta ɗan motsa a bayanmu. Shekarata tara lokacin.

A gidan maƙwabta muka zauna har aka kira la'asar. Kawu, wanda aka aika wa, ya shigo yana gumi, ya miƙo mini kofin ruwa, ya ce:

"Mai sawun yana hannun 'yan sanda. Ƙarƙashin gadonku ya shige, da adda. Sha ruwa, Uwata, ba komai yanzu."

Na kai kofin baki, na shanye ruwan.