Shirun Inna a Gaban Mai Unguwa

Ni ne ɗan farin Inna. Don kunya ko sunana ba ta faɗa, balle ta kare ni cikin mutane.

Wata la'asar ina yaro a ƙauyenmu Fulatan aka ce na saki shanu cikin gyaɗar maƙwabcinmu, alhali ina gida tana shafa min man shanu a ka.

Da aka kai mu gaban mai unguwa, ya ce wa Inna, "Baiwar Allah, yana gida a lokacin?"

Ta ja mayafi ta sunkuya.

Maƙwabcin ya ce, "Kun gani? Ko uwarsa ta kasa musawa."

Aka zane ni. Na juya na ce mata, "Ke ba uwata ba ce!"

Jiya a tasha na ji lauya a rediyo yana cewa shiru ba amsa laifi ba ne. Wallahi sai ƙamshin man nan ya dawo min. Ita har yau ba ta taɓa tayar da maganar ba.