Katin Sodangi

Duk unguwar Gawon Nama an san Atika wajen ciniki. Mai tumatur in ya hango ta sai ya rage kashi, don ya san sai ta ƙwaci gyara. Har asibitin kuɗi na bakin titi, inda farashi ke rubuce jikin allo, ba ta taɓa biyan abin da aka yanka mata ba.

Alhamis ɗin farko ta kowane wata takan zo da katin maigidanta. Ta jefa shi cikin kwandon katuna, ta koma ƙarshen benci, ba ta hira da kowa. In Hannatu malamar asibiti ta ɗaga murya, "Sodangi Arzika!" Atika ba ta tashi nan take. Sai an kira sau biyu, wani lokaci uku. Hannatu ta ɗauka kunne ne ya fara nauyi.

Tsohon likitan ba ya tambaya. Zamanin kuɗin mai ne, kowa so yake a cika masa hannu, likitan da ya rubuta magani ɗaya kuwa cewa ake bai iya aiki ba. Na Sodangi kala biyar ne kullum: na hawan jini, na ƙarin jini, na gaɓɓai, da wasu ja da fari. Likita ya kwafe na watan jiya, ita kuma ta je tagar biyan kuɗi ta yi ta ja har a sauke mata sule biyar daga naira huɗu.

Sai tsohon ya koma garinsu, aka kawo sabo, Likita Irmiya. Yaro ne mai zafin aiki. Mako guda ya yi yana bin katuna yana soke abin da ya ga ɓarnar kuɗin talakawa ce kawai.

"Mama, shekara huɗu ana ba mutumin nan magani, ko sau ɗaya ba a auna jininsa ba. Ina yake?"

"Ba shi iya zuwa."

"To ni in zo."

"Gidanmu ba a shiga, ɗana."

Likita ya ce in babu marar lafiya babu magani, kuma rufe katin zai yi. Ai sauƙi ya nema mata.

Atika ta gyara mayafi, ta shiga abin da ta fi iyawa. A soke huɗu a bar ɗaya. Ya ƙi. To a bar biyar ɗin, ta biya cif, ba ragin ko kwabo. Hannatu ta ɗago kai ta dube ta, don ba ta taɓa jin wannan magana a bakin nan ba.

"To ku riƙe maganinku," in ji Atika, muryarta ta yi ƙasa. "In biya kuɗin kati, in zamna layi awa kowa. Mi za ya rage ku?"

Likita ya tuna masu tallan ƙwayoyi a kasuwa, waɗanda soja ke kamawa. Ya yi zaton ya gano ta. Ya ja layi bisa katin daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ce a kira na gaba.

Ba ta roƙa ba. Atika ba ta roƙo. Ta taka da ƙafa har gida cikin rana, ta shiga ɗaki, ta zauna bakin gado tana kallon tabarma.

Ita 'yar mutunci ce, shekara talatin da aure sunan mijinta bai taɓa fitowa daga bakinta ba, kuma ba yanzu za ta fara ba. Mutanen unguwa kuwa "marigayi" suke cewa. Tun da aka kai shi makwancinsa shekara huɗu ke nan, bakin Hannatu kaɗai ya rage a duniya mai kiran Sodangi kamar zai amsa.