Hanyar Gidan Kalogeras

Jirgin ruwan safe ya sauke Lefteris a bakin gaɓa, shi kaɗai. Shekara da shekaru ɗakinsu ɗaya da Stratos Kalogeras a jirgin dakon kaya. Shi ya sa da igiyar ƙarfe ta tsinke ta kashe Stratos, ya hana kamfani buga waya, ya ce shi zai je ya faɗa wa iyayen da bakinsa. Tun ranar bai yi kuka ba, abinci ma ci kawai yake.

Wani tsoho na zaune kan kifaffen kwalekwale yana ɗinkin koma. Ya dubi baƙar rigar Lefteris, ya dubi fuskarsa, allurar ta tsaya.

"Baba, ina ne gidan Kalogeras?"

"Zan kai ka," in ji tsohon. "Amma ba a shigo mana gari kamar an zo ɗibar wuta."

Ƙauyen da za ka zagaye kafin kofinka ya huce, sai da tsohon nan ya mai da shi birni. Ya kai shi cocin masunta, ya kunna kyandir, ya daɗe a tsaye. Ya nuna masa hasumiyar fitilar jirage, da ɗakin shan maganin da likita ke leƙowa ran Talata, da dutsen da yara ke dirowa daga kansa su faɗa teku.

"An yi wani ja'iri da ya fi kowa iya wannan," ya ce. 

A shagon abinci ya sa aka soya musu ƙananan kifi. Har suka tashi babu wanda ya taɓa.

"Baba, da la'asar jirgi zai koma. Saƙo ne da ni mai nauyi."

"Saƙo ba ya tsami, samari. Ba ka ga wurin matsar zaitun ba."

Tsohon bai tambaye shi ko saƙon mene ne ba. Lefteris ya bi shi kamar raƙumi da akala, don a gaskiya shi ma ba ya marmarin isa.

Rana ta karkata. Sun ga rijiya, sun ga makarantar da aka rufe, har tashar motar da mota ba ta zuwa sun gani. Daga nan ƙafar tsohon ta yi nauyi. Suka tsaya a wata shuɗiyar ƙofa da suka sha wucewa. Ƙanshin burodi na fitowa, wata mata na rera waƙa a ciki tana kwaramniya da kwanuka.

Tsohon ya tsaya har waƙar ta kai ƙarshe. Sannan ya cire hularsa, ya tura ƙofar ba ko ƙwanƙwasawa.

"Gari ya ƙare, ɗana, ba ni da sauran abin nuna maka," ya ce. "Gidan Kalogeras ke nan, gidana. Shigo ka faɗa wa matata. Ni tun da safe na ji, a fuskarka."