Barkonon Gwaggo a Cikin Wake

Gwaggo, yayar babana, ba ta yarda da barkonon Jidda ba. Nata alhazai ke kawo mata daga gida, ƙasar Hausa, dakakke, cikin tsohon gwangwanin madara.

Wata la'asar a ɗakinta da ke unguwar Waziriyya a Jidda ta dafa waken nan mai ɗigo-ɗigo har ya yi luguf, ta soya albasa da mai ta juye a kai. Tana buɗe gwangwanin na fara atishawa. Ta ɗan barbaɗa wa 'ya'yanta, nawa kuwa ta zuba har waken ya koma ja.

"'Yar Jidda, ci mu gani."

Ina kai loma bakina ya kama da wuta. "Moya, Gwaggo, moya!" Da Larabci na nemi ruwa, don shi muke yi a gidanmu.

Ta ɗaga kofin sama. "Babu moya a ɗakin nan. Roƙa da harshen ubanki."

Wallahi na san kalmar, amma ta ɓace mini. Ina hawaye da majina, 'ya'yanta suna dariya. Ta shanye ruwan a hankali tana kallona, ta kife kofin.

Yanzu Hausa ta zauna daram a bakina. Amma har yau in na ce "ruwa", sai harshena ya yi raɗaɗi.